Rantsuwar Amiral ɗin Kankana

Allah ya yi wa garinmu Bur Sa'id baiwa biyu. Ya ba mu mashigin ruwan da jiragen duniya ke yin layi su bi, sannan ya ba mu Rayyis Garib Abu Samra, wanda ke tsayawa a bakin mashigin yana duba ko sun bi daidai. Mahassada na cewa mashigin ya girme shi da shekara ɗari. Sai me? Mashigi dai bai taɓa zaunar da kowa ya yi masa bayanin siyasar duniya ba, Rayyis kuwa kullum sai ya yi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Mutum ne cikakke. Tumbinsa ke fara shiga wuri ya yi sallama, sannan gashin baki ya biyo baya a murɗe. Yana da farar riga mai maɓallan tagulla, wadda ya umarci tela ya ɗinka ta yi kama da ta hafsoshin ruwa, amma kada ta yi kamar da za ta sa a kama shi. Sana'arsa kuwa, idan dole sai an faɗa, kwale-kwale gare shi mai inji ɗaya, da shi yake kai albasa da ƙwai da tumatir ga jiragen da ke jiran layi a bakin teku. Abin da ubansa ya yi ke nan, haka ma kakansa. Sai dai Rayyis ba ya son a tuna masa. Katin da ya buga cewa ya yi, "Mai ba da shawara kan harkokin tekuna," kuma har mai gyaran takalmin unguwarsu yana da guda uku.

Asalin girman nan kankana ce. Shekara goma sha huɗu da suka wuce wani jirgin yaƙin Amurka ya tsaya a wajen gari, dillalin jiragen ya nemi mai kawo kankana ya rasa, aka ce a kira Garib. Ya kai guda arba'in. Ko ƙafarsa bai ɗora kan jirgin ba, a raga aka zuba kayan aka janye su da igiya. Amma da aka gama, wani Bature ya leƙo daga can sama, ya jefo masa hula mai sunan jirgin, ya ɗaga masa babban yatsa. Usta Shahata, makanikin da ke gyara wa 'yan kwale-kwale inji, yana wurin a ranar, kuma ya ce mutumin kuku ne, don har ludayi yana riƙe da shi. Rayyis ya ce kwamanda ne. A shekara ta biyu ya zama babban kwamanda. A ta biyar sun sha shayi tare. Zuwa bana kuwa bawan Allahn nan ya riga ya dafa kafaɗar Rayyis da hawaye, yana roƙon ya nuna masa inda ya kamata a ajiye rundunar. Mutanen gari suka sa masa suna Amiral ɗin Kankana, Amiral kuwa shi ne babban hafsan sojan ruwa. Allah ya ba shi kunne mai ladabi, rabin farko kawai yake ji.

Fadarsa shagon shayin da ke kusa da matsayar jirgin fito ce. Nan yake zama bayan la'asar, ya tattara kofunan mutane tun ba su gama sha ba, ya jera su a kan tebur.

"Ku kawo kunnuwanku, jahilci ba ado ba ne. Wannan kofin Amurka ce. Wannan abin zuba tokar sigari Turai ce. Wannan tsagar da kuke gani a jikin tebur, mashiginmu ke nan. Duk mai neman man fetur, duk mai sayar da ko allura ce, ta nan zai bi. Amurka ba ta iya runtsawa sai ta ji lafiyar tsagar nan. Wa take tambaya? Ba zan faɗa ba. Akwai maganar da ba a yi a shagon shayi."

Sai ya gyara hular nan a kansa, don kada wani ya sha wahalar tunani.

Su kuwa masu sauraron ba don son ilimi suke zama ba. Aiki ne babu. Jiragen yaƙin da a da ke tsayawa su sayi kaya sun ragu, waɗanda ke zuwa ma wucewa suke yi kamar an biyo su. Talabijin ɗin shagon kullum magana ɗaya yake yi, wai Amurka ta juya fuskarta can tekun Fasifik, tana son ta sa wa ƙasar Sin ido, wai nan ɗin ya zama tsohon zance. 'Yan kwale-kwale ba su san taswira ba, amma sun san rabonsu da fita ruwa da cikakken kaya. Da yawansu kofi ɗaya suke saya su yini a kansa.

Rayyis ba ya ƙaunar talabijin ɗin nan, don ba ya miƙe masa tsaye idan ya shigo.

"Sin? Su wane ne Sin? Masu yi mana silifa da fitilun azumi? Kuma mene ne Fasifik? Ruwa ne a kan ruwa. Ba gari, ba gasasshen kifi, ba mutum mai hankali da za a yi shawara da shi. Yaran nan na talabijin masu ɗaura ƙyalle a wuya ba su taɓa jiƙa ƙafarsu ba. Ni da na san mutanen nan ciki da bai nake gaya muku, daga nan ba inda za su."

Ana cikin haka labari ya zo cewa ƙaton jirgin yaƙin Amurka mai ɗaukar jiragen sama a bayansa zai ratsa mashigi ranar Alhamis ta sama, ya yi kudu, daga can ya miƙe gabas, kuma ba a sa ran ganinsa nan kusa. Rayyis ya ga lokaci ya yi da zai tsoma baki a tarihi. Ya sa aka rubuta masa wasiƙa da Turanci, ya ba dillalin jirage ya aika, yana gayyatar kyaftin cin abincin rana a gidansa, don su tattauna kuskuren da ake shirin yi.

Abin mamaki, amsa ta zo. Takarda ce mai kauri, da hatimin gaggafa a samanta. Rayyis ya shigo da ita shagon shayi a tafin hannu biyu, ya sa Ustaz Girgis, tsohon malamin Turancin makarantar unguwa, ya fassara a gaban kowa. Ta ce an gode ƙwarai. Ta ce abotar mutanen yankin nan abu ne mai tsada a wurinsu, ba za su taɓa mantawa da ita ba. Ta ce suna fatan wata rana a zauna a teburi ɗaya idan hali ya yi. Sunan Rayyis kuwa a wani gurbi da aka bari aka cusa shi da biro.

To akwai wata gayyata da kowane ɗan garinmu ya sani tun yana goye. Kana tsakiyar ruwa a kwale-kwalenka kana cin gurasa da kifi, wani ya wuce a nasa can nesa, sai ka ɗaga murya ka ce masa bismilla. Shi ma ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ƙara. Kai ka san ba zai zo ba, shi ya san ba ka nufin ya zo, kowa ya fita kunyar ɗan'uwansa. Gayyatar 'yan kwale-kwale ke nan, kuma ba a taɓa jin wanda ya faɗa ruwa ya yi iyo don ya amsa ta ba. Duk wanda ke shagon ya gane takardar nan tun a layi na biyu. Mutum ɗaya ne bai gane ba, wanda aka haifa kusan a cikin kwale-kwale.

Usta Shahata ya kurɓi shayinsa ya ce, "Rayyis, wannan ai bismillar tsakiyar ruwa ce. Ashe Amurkawan ma 'yan kwale-kwale ne irinmu, nasu ne dai ya fi girma."

Shago ya fashe da dariya, har mai shayi sai da ya ajiye buta. Fuskar Rayyis ta yi ja. Ya miƙe, ya buga tebur, Amurka ta faɗi ta fashe a ƙasa.

"Ku shaida! Na rantse da igiyar aurena, idan Alhamis ta zo kyaftin ɗin nan bai taka gidana ya ci abincina ba, Ummu Tamir ta saku!"

Dariya ta ɗauke. Mazan garinmu suna rantsuwa da aure kamar yadda suke tari, a kan kuɗin kifi ma sai su yi. Amma kowa ya san lissafin gidan Rayyis. Ya taɓa sakin matar nan ranar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta sha kashi uku, ya mai da ita. Ya kuma sake ta a kan gishiri ya yi yawa a miya, ya mai da ita. Igiya ɗaya ta rage, kuma ita ya ɗauka ya rataya a jikin jirgin da bai san da zamansa ba.

Matarsa Sitt Zuba, wadda ake kira Ummu Tamir, shekara talatin da uku ke nan tana wanke farar rigar nan da irinta. Labarin ya riga mijin isa gida, mai sayar da gurasa ce ta kawo mata shi da zafinsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta taka kujera ta sauko da akwatinta daga kan kabad, ta goge ƙurarsa, ta ajiye shi a buɗe a tsakiyar falo. Da Rayyis ya shigo sai da ya kewaye shi kafin ya samu wurin zama.

"Ummu Tamir, mene ne wannan?"

"Akwati ne, Abu Tamir. Ai kai ka san jirage, ni kuma na san kai."

Gaskiya abin ba daɗin ji. Mutumin nan yana son matarsa, bai san inda ake ajiye ko safarsa ba in ba ita. Da a lokacin ya zauna kusa da ita ya ce ya yi wauta, da ta nemo masa mafita kafin magariba. Amma babban mutum ba ya wauta, sai dai dabara. Washegari ya kira wani mutumin garin Dumyat ya sayar masa da injin kwale-kwalensa, don ba a karɓar kyaftin da wake da gurasa.

Kwana shida ana shiri. Aka kafa rumfar zannuwa masu zane a kan layi, irin wadda muke kafawa ranar biki da ranar makoki. Aka ɗauko kujeru masu jan yadi. Aka yi wa masu kiɗan simsimiya, garayar garinmu, magana. Agwagi goma sha biyu suka rasa ransu aka cusa musu albasa, aka sayo jatan lande manya, da kifin da za a dafa da shinkafa ja, da ganyen lalo tuli. Sitt Zuba ta ɗaura ɗamara ta shiga girki irin wanda ba ta taɓa yi ba, maƙwabta na ta leƙowa saboda ƙamshi. Kowace safiya kuma, kafin ta kunna wuta, sai ta ninke riga ɗaya ta sa a akwati. Rayyis na gani, sai ya juya ga madubi ya ci gaba da haddar jawabinsa.

"Ya mai girma kyaftin, ɗan'uwa kuma abokin shawara. Tekuna bakwai ne, amma ƙofa ɗaya ce. Ka gaya wa waɗanda suka aiko ka, in ji Garib Abu Samra, kada su bar ƙofa su tafi gadin fili."

Ranar Alhamis ana idar da sallar asuba rabin unguwa ta hallara a bakin ruwa. An hana ƙananan jirage motsi, kamar yadda ake yi duk ranar da irin waɗannan baƙi za su wuce. Kowa ya san manyan jirage ba ta gaban gari suke bi ba, ta reshen gabas suke shiga, can bayan Bur Fu'ad, garin da ke ƙetaren ruwa. Rayyis ma ya sani. Amma ya ce yau daban ce, za a sauko da ƙaramin jirgi ya kawo kyaftin, ya san yadda suke yi.

Rana ta fito. Can nesa, ta saman rufin gidajen ƙetare, wani abu mai launin toka ya bayyana yana tafiya a hankali, kamar bene ya gaji da unguwarsu ya tashi. Rayyis ya ƙame, ya sara. Masu simsimiya suka saki kiɗa. Wani jirgi mai saukar ungulu ya taso daga wajen ya yi shawagi a kan ruwa.

"Ga shi nan! Wurin sauka yake nema! Ku ba shi fili, ku ja baya, ku mutane ba ku san tsari ba!"

Aka ja baya. Jirgin ya kewaya sau ɗaya ya koma inda ya fito. Aka ci gaba da jira. Bayan wani lokaci wani jirgin ruwa ya doso matsaya kai tsaye, Rayyis ya gyara maɓallai ya matsa gaba, ashe jirgin fito ne da aka sake wa hanya, cike da ma'aikata da motar kai burodi. Kafin hantsi ya dubi ludayi benen nan mai launin toka ya shige kudu, ko ƙaho bai busa ba. Masu kiɗa suka rage sauti da kansu, ɗaya bayan ɗaya.

"Dabarar yaƙi ce," in ji Rayyis. "Ba a sauka a idon jama'a. Za su juyo."

"Ba a juyawa a cikin mashigi, Rayyis," in ji Usta Shahata. A hankali ya faɗa, don shi kansa tausayi ya kama shi.

Da azahar Sitt Zuba ta fito cikin baƙar abayarta, ta kulle akwati, ta ja shi har harabar masallacin unguwa, wurin Shaikh Abdul-Mu'ti. Rayyis ya biyo ta, unguwa ta biyo Rayyis. Shaikh tsoho ne da ya shekara arba'in yana kwance ƙullin da bakin maza ke ɗaurawa, ya gaji da su gaba ɗaya. Ya saurari labarin idonsa a rufe. Rayyis ya fara bayani tun daga kankana, ya shiga batun man fetur, yana shirin tsallakawa Fasifik, sai Shaikh ya ɗaga hannu.

"Garib, ni ban san teku ba. Tambaya ɗaya ce, amsarta biyu. Lokacin da ka yi rantsuwar nan, rabuwa da matarka ka nufa, ko so ka yi mutane su yarda da maganarka? In rabuwa ka nufa, ta saku, kuma ka san saki na uku ne, ba damar mai da ita. In kuwa cika baki kake, to rantsuwa ce ka karya, sai kaffara. Wanne ne?"

Rayyis ya dubi jama'a. Duk waɗanda ya shekara goma sha huɗu yana karantarwa suna tsaye, ba wanda ya tafi. Ya taɓa hular kansa. Allah ya sani shirun nan bai kai minti ɗaya ba, amma mace mai shekara talatin da uku a gidan mutum ta ga mijinta yana auna ta da hula a kan sikeli, kuma sikelin bai rinjaya nan take ba. Ta sunkuya ta kama hannun akwatinta.

"Cika baki nake," in ji Rayyis, can ƙasan maƙoshi.

"Na tsufa, Garib, kunnena ya yi nauyi."

"Cika baki nake, Malam! Wallahi cika baki nake!"

"To alhamdu lillahi, yau an samu gaskiya a Bur Sa'id. Matarka tana nan. Ka ciyar da miskinai goma su ƙoshi."

Ba a taɓa yin kaffarar da ta zo a kan gaɓa irin wannan ba. Abinci na kan wuta, rumfa a kafe, kujeru a jere. Miskinai ma ba a sha wahalar nemansu ba, don tun da jiragen suka fara juya baya layin nan ya cika da su. 'Yan kwale-kwale suka ɗan yi kunya, suka tura juna, sannan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Usta Shahata, wanda ya yi wata uku bai kwance inji ba, ya zauna a kujerar da aka ware wa kyaftin, ya naɗe hannun riga. Sitt Zuba ta ajiye akwatinta a bakin ƙofa, ba ta shigar da shi ba tukuna, ta fara fito da agwagi.

Ƙamshin abinci ya dawo wa Rayyis da numfashinsa. Ya tsaya a kan tebur, ya murɗe gashin baki, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, wanda ya san siyasar tekuna ya san abin da ya faru yau mataki ne na farko. Su da kansu za su gane. Idan suka je can suka ga ruwa a kan ruwa, wa za su nema? Ni dai ba zan..."

Sitt Zuba ba ta saurare shi ba. Tana riƙe da farantin shinkafa tana bin kawunan da ke zaune da ido. Ta bi su daga dama, ta sake bi daga hagu. Tara ne. Ta leƙa layi ba ta ga mai tahowa ba. Sai ta jawo kujera ɗaya da ƙafarta, ta dangwarar da farantin a gabanta, ta dubi mijinta tun daga hula har takalmi.

"Zauna, Abu Tamir. Mutum goma Malam ya ce, kuma duk layin nan ban ga wanda ya fi ka cancanta ba."